Daga Kore Zuwa Rawaya: Launi, Dukiya da Dogon Buri a Maƙamar Dinari ta Hariri da Littafin The Great Gatsby

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken yadda aka sarrafa launi wajen siffanta dukiya da burin da ake ratayawa a kanta a cikin ayyukan adabi guda biyu: Maƙamar Dinari ta Abu Muhammad Alƙasim Hariri, da ƙagaggen labarin The Great Gatsby na marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald. An ɗora nazarin a kan babin tadbiji na ilimin balaga, da misalin tsiro da ya zo a Alƙur'ani da Sunna, da kuma rarrabewar da Imamu Gazali ya yi tsakanin fata da ruɗu. Maƙalar ta nuna cewa hanyar nan da ta yaɗu, ta ɗaure kowane launi da ma'ana guda, ba ta kai mai nazari ga manufar marubutan biyu. A wurinsu dukiya madubi ce, launin da take nunawa na zuciyar mai kallo ne, kuma ba ya zama a kan hali guda.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗalibin adabi a yau ya saba da wani jadawali da ake haddacewa: fari tsarki ne, ja haɗari ne, kore fata ne, rawaya dukiya ce. Da zarar ya ci karo da launi a waƙa ko labari sai ya leƙa jadawalin ya ciro ma'ana, kamar mai fassara mafarki daga littafi ba tare da ya tambayi halin mai mafarkin ba. Ɗalibin ilimin addini shi ma yana da nasa: kore launin tufafin 'yan Aljanna ne, don haka duk inda ya bayyana alheri ne, rawaya launin zinariya ne, don haka fitina ce. Illar wannan karatu ba ta tsaya ga adabi ba. Wanda ya saba yi wa launi hukunci guda, haka zai yi wa dukiya: ko ya la'ance ta ɗungurungum ya kira hakan zuhudu, ko kuwa duk burin da ya yi masa shar a ido ya kira shi kyautata zato ga Allah.

Domin gwada wannan jadawali aka zaɓi ayyuka biyu da ke da tazarar ƙarni takwas a tsakaninsu. Na farko sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malaman zaure a ƙasar Hausa, inda Maƙamatu Hariri ke cikin manyan littattafan lugga da adabi. Na biyu kuwa yana cikin littattafan da Amurkawa ke ƙirgawa a sahun farko na adabinsu, kuma an yi rubutu mai yawa a kansa game da alamcin launi. Ba a da'awar cewa na biyun ya ɗauko daga na farkon. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya ɗauki launi ya tambayi dukiya da shi, kuma kowannensu ya ƙi yarda launin ya tsaya a inda mai jadawali ke so.

2.0 Launi a Ma'aunin Balaga da Nassi

Malaman balaga sun ware wa launi babi a ilimin badi'i, suka kira shi tadbiji, daga kalmar da Larabawa ke faɗa idan ruwan sama ya ƙawata ƙasa da tsirrai. Shi ne marubuci ya ambaci launuka da nufin kinaya ko tauriya. Alƙazwini (ya rasu 739H/1338M) ya shigar da shi ƙarƙashin ɗibaƙi, wato haɗa abubuwa masu kishiyantar juna a zance guda. Misalin da ya shahara a ɓangaren kinaya shi ne baitin Abu Tammam a marsiyyar Muhammad ɗan Humaidu Aɗɗusi, wanda aka kashe a yaƙi da Babak a 214H/829M. Mawaƙin ya tufatar da mamacin da ja da rana, kafin dare ya mayar da tufafin kore: jan yana nuni ga kisa, koren yana nuni ga shiga Aljanna. Ma'anar baitin tana cikin juyawar tufafin daga wannan launi zuwa wancan. Da za a cire ɗaya, da ɗayan ya zama bebe.

Larabci kansa bai ɗaure launi da abu guda ba. Jan da ya zama jini a wurin Abu Tammam shi ne ya zama zinariya a hadisin Saubanu (RA) da Muslim ya ruwaito, inda aka ambaci taskoki biyu, ja da fara, malamai suka fassara su da zinariya da azurfa. A wasu wuraren kuma da rawaya ake kiran zinariyar, launin da malaman zaure kan fassara da fatsi.

A Alƙur'ani Mai girma al'amarin ya fi fitowa fili. Rawaya ce launin saniyar Bani Isra'ila da aka siffanta da faranta ran masu kallo (Baƙara: 69), kuma rawaya ce launin shukar da ta bushe tana gab da zama tarkace (Zumar: 21, Hadid: 20). Zinariya ita ce abin da aka yi narko a kan taskace ta ba tare da ciyarwa ba (Tauba: 34-35), kuma ita ce mundayen 'yan Aljanna, an haɗa ta da korayen tufafi a aya guda (Kahfi: 31). Ayar Hadid ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta jera wasa da ado da alfahari da gasar tara dukiya da 'ya'ya, sannan ta buga musu misali da shukar da ta burge manoma, ta bushe, ta yi rawaya, ta karairaye. A nan launi agogo ne: yana faɗa wa mai kallo inda shukar ta kai a tafiyarta.

Sunna ta ƙara haske. A hadisin Abu Sa'id Alkhudri (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya siffanta dukiya da kore da zaƙi, ya kuma buga misali da dabbobi biyu a makiyaya guda: wadda ta yi ta ci har cikinta ya kumbura ya halaka ta ko ya kusa, da wadda ta ci ta ƙoshi, ta fuskanci rana ta fitar da abin da ke cikinta, sannan ta koma kiwo. Ciyawar ɗaya ce, korenta ɗaya ne, bambancin yana ga mai ci. Ke nan kore a harshen Annabta ba shaidar albarka ba ce a koyaushe, yakan zama sunan abin da ke jan ido.

Imamu Gazali (ya rasu 505H/1111M), wanda ya yi zamani da Hariri, shi ya taƙaita batun a babin godiya na Ihya'u Ulumiddin. Ya bayyana dinari da dirhami da cewa duwatsu ne da ba a cin su ba a sa su, an halicce su ne su zama alƙalai tsakanin kayayyaki, ya kuma kamanta su da madubi wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi. Da wannan ma'auni za a shiga ayyukan biyu.

3.0 Rawaya Mai Fuska Biyu: Maƙamar Dinari

An haifi Hariri a yankin Basra a 446H/1054M, ya rasu a 516H/1122M. Maƙamominsa hamsin ne, Harisu ɗan Hammamu ke ba da labari, Abu Zaidi Assaruji kuma shi ne tauraro: dattijo mai zalaƙa, mai rayuwa da kaifin harshe da ɓad-da-kama. Maƙamar Dinari ita ce ta uku.

Harisu yana zaune a majalisi da abokansa sai ga wani gurgu cikin tsummoki. Ya buɗe baki da saja'i yana ba da labarin wadatar da ya taɓa samu da talaucin da ya auka masa. Harisu ya fito da dinari ya ce idan ya yabe shi da waƙa ya zama nasa. Nan take ya yabe shi, ya karɓa, ya jefa a baki. Harisu ya fito da na biyu ya ce wannan kuma ya zage shi ya ɗauka. Nan take ya zage shi, ya karɓa, ya haɗa shi da ɗan'uwansa a bakin. Daga baya ne Harisu ya gane Abu Zaidi ne, gurguntar ma ta ƙarya ce.

Abin lura na farko shi ne waƙoƙin biyu duk da launin dinarin suka buɗe. A waƙar yabo rawayar ce abin burgewa, daga ita aka gangara zuwa ayyukansa: shi ke tabbatar da mulkin sarki, ya sanyaya zuciyar mai fushi, ya fanshi ribataccen da danginsa suka sallama, ya tsaya wa mai shi ko ba shi da kowa. Mawaƙin ya hau da yabon har bakin iyakar da tsoron Allah kaɗai ya hana shi jingina wa dinarin siffar Ubangiji. A waƙar zargi kuwa rawayar nan dai ita ce shaidar laifi. An kamanta dinarin da munafuki saboda fuskokinsa biyu, aka ɗora masa yanke hannun ɓarawo da rowar marowaci da taurin bashi da hassada, aka kuma ce mafi munin halinsa shi ne ba ya amfanin mai shi sai ya rabu da shi.

Fuska biyun nan ba ƙirƙira ba ce. Tun bayan gyaran kuɗi na Halifa Abdulmalik ɗan Marwanu a 77H/697M, dinarin Musulunci, mai nauyin kimanin giram 4.25, rubutu ne a gabansa da bayansa, kalmar tauhidi na cikin abin da ake bugawa a kai. Hariri ya ɗauki siffar zahiri ta tsabar ya mayar da ita hali. Mai karatun zamaninsa ya san cewa abin da ake kira munafukin nan yana ɗauke da kalmar shahada a fuskarsa, kuma wannan shi ne ainihin siffar munafuki.

Wurin da ya fi kowane zurfi a waƙar zargin shi ne inda aka ce dinari yana bayyana ga mai kallo da siffa biyu a lokaci guda: adon wanda ake so da launin mai so. A al'adar waƙar Larabawa, masoyin da bege ya cinye fuskarsa kan koɗe ta yi fatsi-fatsi. Ke nan rawaya guda ce ke ƙyalli a wuyan masoyiya, ita ce kuma cuta a fuskar masoyi. Mai begen dinari yana duban tsabar ya ga kwalliya, bai san kamannin rashin lafiyarsa yake gani ba. Wannan shi ne madubin Gazali a cikin tufafin waƙa.

Hariri ya koma ga batun a maƙama ta goma sha uku, ta Bagadaza, inda Abu Zaidi ya ɓad da kama ya fito a tsohuwa mai marayu. A jimla guda tsohuwar ta jera launuka shida, wadda malaman balaga suka mayar da ita misalin tadbijin tauriya. Biyu daga ciki suka shafi wannan nazari: rayuwar jin daɗi da ta ba launin kore ta ce ƙura ta turnuƙe ta, da zinariya da ta kira masoyi mai launin rawaya wanda ya juya baya. Galibin launukan jimlar an haɗa su da aikatau na sauyawa. 

Sai dai ƙarfin Maƙamar Dinari bai ƙare a waƙoƙin ba. Wa'azin gudun duniyar da ke cikin waƙa ta biyu, wanda da za a ciro shi shi kaɗai da ya dace da mumbari, ladarsa dinari ce. Wanda ya yaba wa mai jefar da dinari daga kan tsauni, shi ne ya jefa shi a bakinsa. Ya kuma rufe da kare gurguntarsa ta ƙarya da ishara ga ayar da ta ɗauke laifi daga gurgu (Nur: 61). Wannan gargaɗi ne da ya fi shafar ma'abota ilimi fiye da attajirai: zagin dukiya ma sana'a ce da ake cin abinci da ita, nassi kuma yakan zama sandar mai gurguntar ƙarya. Ana iya zargin Hariri da cewa ya bar mayaudari ya tafi da riba ba tare da hukunci ba, kuma zargin yana da gurbi idan aka karanta maƙamar ita kaɗai. Amma littafin ya tanadi amsarsa a maƙama ta hamsin, ta Basra, inda Abu Zaidi ya tuba ya koma garinsu ya lazimci ibada.

4.0 Koren Nesa: The Great Gatsby

An buga littafin Fitzgerald (1896-1940) a 1925. Labarin ya gudana a 1922 a tsibirin Long Island kusa da birnin Niyok, lokacin da dokar hana sayar da giya, wadda ta fara aiki a 1920, ta buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri ƙofar arziki. Mai ba da labarin, Nick Carraway, maƙwabcin wani attajiri ne, Jay Gatsby, wanda ke shirya shagulgula a katafaren gidansa ba tare da an san asalinsa ba. Ashe ɗan talakawan manoma ne, sunansa na yanka James Gatz, ya canza shi yana da shekara 17. A 1917, yana hafsan soja, ya so wata 'yar masu hali, Daisy. Yana can bai dawo daga Turai ba ta auri Tom Buchanan, mai arzikin gado, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Gatsby ya tara dukiya ta haramtacciyar hanya, ya sayi gida daura da nata, ruwa ne kawai a tsakani, da burin ya dawo da ita.

4.1 Fitilar da Ke Haske Daga Nesa

A ƙarshen babi na farko Nick ya hango Gatsby cikin dare yana miƙa hannuwa wajen ruwa, babu abin da ake gani a tsallaken sai wata ƙaramar koriyar fitila. Fitilar tana kan dandamalin da ake ɗaure jiragen ruwa a gidan Daisy. Masu jadawali a nan suke tsayawa su rubuta cewa kore fata ne. Wasu su ƙara da cewa launin takardar dalar Amurka ne. Duka biyun suna da rabo a gaskiya, amma marubucin bai bar fitilar a haka ba. A babi na biyar, bayan kusan shekara biyar da rabuwa, Daisy ta zo gidan Gatsby ta tsaya kusa da shi, hazo kuma ya rufe tsallaken. Nick ya lura cewa girman da fitilar ke da shi a zuciyar Gatsby ya gushe a wannan lokaci, ta koma fitila kamar kowace. Korenta na tazara ne. Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne; abin da littafin ya ƙara shi ne wani mahangin, ranar da ya shiga birnin, ranar Dalar ke ƙanƙancewa a idonsa.

A wannan haɗuwa Gatsby ya sa farar kwat da riga mai ruwan azurfa da ɗaurin wuya mai ruwan zinariya, wato ya zo zance sanye da taskokin nan biyu. Ya zazzage wa Daisy tulin rigunansa masu launi iri-iri har ta fashe da kuka. Daga baya, da Nick ya rasa yadda zai siffanta daɗin muryarta, Gatsby da kansa ya danganta shi da kuɗi. A nan mai karatu ke gane cewa masoyiya da dukiya sun narke sun zama abu guda a zuciyarsa, kamar masoyin nan mai launin rawaya na tsohuwar Bagadaza.

4.2 Fari, Rawaya da Toka

Daisy da fararen kaya ta fara bayyana, farar mota take tuƙawa tana budurwa. Sunanta kuma sunan wani fure ne mai fararen ganye da rawayar tsakiya. Farinta na wadda dukiya ta kare daga ƙura ne, ba na wadda ta tsarkaka ba, domin ita ce ta take Myrtle Wilson da mota ta wuce ba ta tsaya ba, ta kuma bar Gatsby da laifin.

Motar nan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan masu jadawali. Da aka fara nuna ta a babi na huɗu launin madara gare ta, cikinta koriyar fata. A daren hatsarin, shaida na farko ya gaya wa ɗan sanda cewa kore ce mai haske, wani shaidar ya ce rawaya ce, da wannan suna kuma mijin matar, George Wilson, ya bi sawunta har ya kai ga mai ita. Mota guda, ta fara da fari-fari, ta gifta da kore, ta ƙare a rawaya. Ranar da za a kashe Gatsby kuwa, sanyin kaka ya fara shigowa, ganinsa na ƙarshe da rai yana shigewa ne cikin itatuwan da ganyensu ya soma yin rawaya, ya nufi tafkin wankan da Wilson zai harbe shi a ciki.

Mataki na uku shi ne toka. Tsakanin unguwar attajirai da birni akwai wani kwari da ake zubar da tokar birnin, inda gidaje da mutane duk suka koma ruwan toka. Can Wilson ke da gareji, can aka take matarsa. Duk mai zuwa shagali sai ya ratsa ta wurin, amma ba mai tsayawa ya duba. A saman kwarin akwai tsohon allon tallan wani likitan ido, manyan shuɗɗan idanu cikin tabarau mai launin rawaya. Da baƙin ciki ya gigita Wilson sai ya dubi allon ya ɗauke shi idon Ubangiji, maƙwabcinsa ya tunatar da shi cewa talla ce kawai. Jana'izar Gatsby kuma, mutumin da ɗaruruwa suka ci suka sha a gidansa, ba ta samu kowa ba sai mahaifinsa da Nick da 'yan tsiraru. Daisy ko saƙo ba ta aiko ba.

Kore, rawaya, tarkace: jerin da ayar Hadid ta zana shi ne jerin da labarin ya bi. Wannan ba ya nufin Fitzgerald ya karanta ayar. Tushen misalin shuka ce, wadda kowane mai ido ke ganin tafiyarta daga damina zuwa kaka. Wahayi ya fassara ta, marubucin kuma ya lura da ita.

5.0 Fata ne ko Ruɗu?

Ingilishi kalma guda yake amfani da ita ga abin da ake gani a barci da abin da zuciya ke buri, shi ya sa manazartan littafin ke danganta shi da abin da suke kira mafarkin Amurka, wato imanin cewa kowa zai iya kai kansa inda yake so. Larabci ya fi rarrabewa, kuma Gazali ya yi amfani da wannan a babin tsoro da fata na Ihya'u. A wurinsa, wanda ya shuka iri mai kyau a ƙasa mai kyau ya shayar, sannan ya jira falalar Allah, shi ke da fata. Wanda ya watsa iri a fako ko ƙasa mai gishiri bai shayar ba, yana jiran girbi, wannan ruɗu ne da wauta. Wanda kuma sababansa ba su tabbata ba ba su kuma koru ba, nasa tatsuniyar zuci ce da ake kira tamanni.

Idan aka auna Gatsby da wannan, kiran fitilarsa fata kuskure ne. Irin da ya shuka haramun ne, gonar matar wani ce, girbin da yake jira kuwa dawowar jiya ce. Nick ya gaya masa abin da ya wuce ba ya maimaituwa, ya musa. Bai gamsu da Daisy ta so shi yanzu ba, sai ta furta cewa ba ta taɓa son mijinta ba, abin da ta kasa tsayawa a kai. Shi ne dabbar farko ta hadisin Abu Sa'id, mai ci ba ƙoshi.

Kishiyarsa ita ce ƙissar Annabi Yusuf (AS). Sarkin Masar ya ga zangarniya bakwai koraye da wasu busassu (Yusuf: 43). Fadawa suka ce yamutsin mafarki ne. Annabi Yusuf (AS) ya karanta koren tare da busasshen, ya fitar da tsarin noma da ajiya na shekaru (Yusuf: 47-49). Ganin kore ba laifi ba ne, laifin shi ne ganinsa shi kaɗai.

A nan ne ayyukan biyu suka rabu. Fitzgerald ya fi Hariri nuna launi cikin tafiyar lokaci, ya kuma fi shi nuna wanda ke biyan kuɗin shagalin, wato mazauna kwarin toka, abin da maƙama ba ta cika damuwa da shi ba. Amma a shafin ƙarshe, bayan duk abin da ya faru, Nick ya koma ga fitilar da tausayi da girmamawa, ya haɗa ta da koren sabuwar ƙasar da matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan suka fara hangowa, ya bar mai karatu da jin cewa miƙa hannu ga abin da ba a kamawa shi ne darajar ɗan'adam, ko da ƙarshensa toka ne. Littafin ya gano cutar sarai, sai dai duniyarsa ba ta da wani kore bayan wannan, idon da ke kallon ta daga sama ma allon talla ne. Mai nazari Musulmi zai yaba wa gaskiyar hoton ba tare da ya karɓi wannan hukunci na ƙarshe ba. Hariri kuwa, duk da wasa da dariyar da ya lulluɓe batun da su, yana rubutu ne a cikin duniyar da koren Kahfi ke jiran wanda ya juyo, shi ya sa tauraronsa ya samu ƙofar tuba.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a ayyukan biyu launi ba tambari ba ne da ake manna wa dukiya. Rawayar Hariri ado ce kuma cuta ce a tsaba guda, koren Fitzgerald yana rayuwa ne muddin akwai tazara, motarsa kuma ta sauya launi a bakin shaidu kafin gari ya waye. Saboda haka tambayoyin da suka kamaci mai tarke idan ya ci karo da launi su ne: wa ke kallo, daga ina yake kallo, wane launi ke maƙwabtaka da wannan, kuma ina ya dosa? Waɗannan su ne tambayoyin da babin tadbiji ya koyar tun da daɗewa, kuma ya dace masu koyar da balaga su fitar da shi daga baiti ɗaya ko biyu da ake haddacewa, su gwada shi a kan dogon zube, na Larabci da na wasu harsuna. Su ne kuma tambayoyin da ya kamata mai wa'azi ya yi kafin ya yabi dukiya ko ya zage ta, yana tuna cewa Abu Zaidi ya yi duka biyun kuma an biya shi a kan kowanne. Allah ne Mafi sani.